Inno Ba Ta Karɓar Ajiya a Ƙulle

Hajiya Hawwa'u, wadda babba da yaro suke kira Inno, 'yar Malam Sallau ce, ɗan Datti Maikano, ɗan Hambali wanda ya fara kafa bukka a unguwar da muke zaune, tsakanin Kura da Bunkure, tun ba wanda ya yi tsammanin za a jawo ruwan Tiga ya riƙa wucewa ta bayan gidajenmu. Mahaifiyarta, Kulu, ita ce mai ajiyar unguwa a zamaninta, Inno kuwa ta gaje ta. Wanda ya karɓo katin gonarsa daga hannun masu rabon filayen noman rani, ɗakinta yake kai shi. Haka wadda ta tanadi zannuwan biki, haka mai irin tumatirin da ba ya so 'ya'yansa su taɓa. Ba ta taɓa karɓar lada ba, ba a kuma taɓa jin wani abu ya salwanta a hannunta ba. Sharaɗinta guda ne: ba ta karɓar ajiya a ƙulle. Sai an kwance a gabanta, ta gani da idonta, a gaban shaida.

Ni ne shaida a ranar da zan ba da labarinta, wata Asabar cikin watan Nuwamba na 1989, domin ajiyar tana ɗauke da rubutun Turanci, kuma tun da na ajiye aikin hedimasta irin wannan kaina yake faɗowa. Mai kawo ajiyar jikanta ne, Maharazu, malamin gona. Wurin aikinsu ya sami sabuwar kwamfuta, irin wadda ake ninkewa kamar ƙaramin akwati a ɗora a cinya, aka danƙa masa ita domin ya fara shigar da bayanan gonakin alkama da tumatir ranar Litinin. Shugabansa ya gindaya masa sharaɗi: kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, ya kwafe duk abin da ke cikinta a kan waɗansu ƙananan fayafayai masu kusurwa huɗu, ya kai su wani gida dabam da inda take kwana. Idan ta lalace babu kwafi, sai an kai ta Legas, aikin ranin bana ya tafi ke nan, kujerar Maharazu kuma ta koma hannun wani. Fayafayan da aka ba shi goma sha biyu ne cif, kuma goma sha biyun ake bukata.

Na iske shi durƙushe a ƙofar ɗakinta, gaisuwa ta riga ta yi nisa.

"...da gajiya, da sanyi, da tsufa?"

"Gajiya da sanyi na amsa. Tsufa kuwa ka kai wa mai shi."

"Ai mai shi na kawo wa. Inno, ashe har yanzu kina nan? Wancan zuwan na bar ki kina tari, har na ce wa abokaina su shirya cin gumba."

"Ka ce su sha ruwa su kwanta. Ni sai na ga furfurarka. Sannu da zuwa, Malam, ga tabarma nan. Dubi mijin da Allah ya haɗa ni da shi. Wata guda bai leƙo ba, yau ya zo da akwati, ko ƙullin gishiri babu."

"Wannan akwatin ya fi gidan nan daraja, har da ke a ciki."

"To buɗe mu ga lefen."

Maharazu ya ɗora akwatin a kan kujerar tsugunno, ya ɗaga murfinsa, ya danna wani wuri. Gilashin ya kawo haske, rubutu ya fara gudu a kansa. Inno ta ja da baya kaɗan, sannan ta matso fiye da inda take da farko.

"Talabijin ce?"

"A'a."

"Rediyo?"

"Kwamfuta ce, Inno. Lissafi take yi, ta yi rubutu, ta riƙe duk abin da aka gaya mata."

"To ai ta fi ka. Me take ci?"

"Wuta. Na cika mata batir a Kura da safe, awa biyu yake yi. Saboda haka ki rage surutu, don a gabanki zan yi kwafin, na san halinki."

"Tsaya tukuna. Ka ce sabuwa ce?"

"Dal. Jiya aka fitar da ita daga kwali."

"Ba ka rubuta komai a ciki ba?"

"Ko alif."

"To me za ka kwafa? Malam, ka taɓa ganin an zo ajiyar tulun da ba a kai rafi ba? Yaron nan rana ta taɓa masa kai a gonar alkama."

Na ce mata tambayarta tana kan hanya, domin ni ma ita ce a raina tun da na zauna. Maharazu ya gyara zama, ya ƙwanƙwasa gefen kwamfutar da farce.

"Ba fanko ta zo ba. A nan ciki akwai wani babban faifai da ba a fitar da shi. A kansa aka zuba mata duk iliminta: yadda za ta yi lissafi, yadda za ta jera sunayen manoma, yadda za ma ta farka in an kunna ta. Yau lafiyarta ƙalau, ba wanda ya taɓa ta. Wannan lafiyar nake so in kwafa. Ran da hannuna ya kuskure na goge mata wani abu, sai in zo in karɓi ajiyata, in mayar mata da hankalinta kamar yadda ta zo."

"Wato ka san za ka ɓata ta."

"Ban ce ba."

"Shugabanka ya ce. Mutumin kirki, ya san wanda ya ba. Kai, amma Turawa sun makara! Da an yi maka irin wannan ran sunanka, da yanzu mun ɗauko mun mayar maka da hankalinka."

"Ke da an yi miki, da wane faifai zai ɗauka? Shekara ɗari da hamsin na tsegumi?"

"Saba'in da takwas, marar kunya. Fara aikinka."

Ya fara da ƙarfe goma da minti goma, na duba agogona. Tsarin aikin ba shi da wuya. Ya zura faifai a wata 'yar kafa da ke gefe, ya danna, kwamfutar ta yi ta gurnani kamar minti biyar, sannan ta rubuta cewa a kawo na gaba. Sai ya zare wancan, ya rubuta lamba a kan sabo, ya zura. Waɗanda aka gama yana jera su a kan murfin kwano a damansa. Inno ba ta ɗauke ido ba.

"Wannan kukan da take yi, ciwo take ji?"

"Rubutu take yi."

"Da me? Ina alƙalamin?"

"Ba a ganinsa."

"Tawadar fa?"

"Ita ma."

"Rubutun da ba alƙalami, ba tawada, ba a kuma ganinsa. Malam, a makarantarku haka kuka koya musu? Don na tuna wannan ya sha kawo littafi fari fat ya ce ya yi aikin gida."

Na ce mata ban koyar da haka ba, amma na shaida batun littafin.

"Kun haɗa kai ke nan," in ji Maharazu. "Inno, matsar da kofin nan, kada ruwa ya taɓa ta."

"Ba ta sha ruwa, ba ta son ƙura, ba ta son rana. Wannan ai ba ta zaman Kura ba ce. In ka kai ta gona, wa zai riƙe mata lema?"

"Ke. Na nema miki aiki."

"Ni da na riƙe ubanka yana tsumma, in koma riƙe wa akwati lema? Kuma in ta mutu, binne ta ake yi?"

"Gyara ta ake yi."

"To ka tambayo min masu gyaran ko suna duba gwiwa."

Haka aka yi ta yi har faifai na takwas ya shiga. A nan ne Inno ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dube ni, ta yi magana da muryar da ake ba da labarin rasuwa.

"Malam, ka ji abin da ya sami mijina a Kadawa?"

"Inno!"

"Wai akwai wata Raliya, 'yar mai awon tumatir. Kullum sai ya bi ta ƙofar gidansu da babur, sau uku, kamar mai neman akuyar da ta ɓata."

"Hanyar ofis ce!"

"Ofis ɗin yana yawo ne? Rannan dai Allah ya yi, ta fito. Ta ce masa, 'Malam, yaya sunanka?' Sai ya ce, 'Lafiya lau.'"

"Wallahi ƙarya ake yi min! Wa ya gaya miki?"

"Ta ce, 'Daga wane gari?' Ya ce, 'Madalla.' Ya tayar da babur, ya bar takalmi ɗaya."

"Ba a yi haka ba! Takalmin tsinkewa ya yi!"

"Au, ashe akwai takalmin."

Kunya ta kama Maharazu. Kwamfutar ta nemi na gaba, ya rubuta lamba, ya danna, yana ta rantse-rantse yana neman sunan wanda ya kawo gulmar, Inno kuwa tana dariya har tana share ido da gefen zane. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na sunkuyar da kai. Daga nan ya duƙufa kan aikinsa har faifai na goma sha biyu ya fito, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Ya tattara su, ya ɗaure da roba, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga amana. Ki sa a ƙasan kwalla, inda ba zafi ba danshi. Kada ki kuskura ki ajiye kusa da rediyo."

Inno ba ta karɓa ba. Ta miƙa hannu ƙarƙashin tabarma, ta zaro 'yar wuƙar da take yanka kuɓewa.

"Kwance."

"Ai a gabanki na yi!"

"A gabana ka zura, a gabana ka zare. Abin da ke ciki ban gani ba. Ba ni ɗaya in ɓare."

Maharazu ya rungume fayafayan a ƙirji, ya ja da baya har ya kusa ture randa.

"Inno, don girman Allah! In kika ɓare ɗaya ya mutu. Goma sha biyu aka ba ni, ko a Kano sai an sha yawo kafin a sami irinsu. Kuma ko kin ɓare ba abin da za ki gani sai wata baƙar leda."

"To in baƙar leda ce, ka kai wa mai shara. Mai buhun gero ya zo nan na zura hannu har gindin buhu. Mai zannuwa na warware su ɗaya bayan ɗaya. Liman da kansa ya kawo takardun gidansa a naɗe, na sa aka karanta min. Kai wane ne? Gobe ka zo ka ce na karɓi hankalin akwati na mayar maka da wauta, in ce me?"

"Ni zan ce miki haka?"

"Kai ne ma za ka fara. Kana so in mutu da bakin jama'a a kaina, ka ci gumba da daɗi."

"To na fasa. Zan kai wa maƙwabciyarki, Iya Saude."

"Kai mata. Jikokinta tara. Kafin azahar sun yi motoci da su."

Ya tsaya. Ya dubi fayafayan, ya dubi wuƙar, ya dube ni. Na ga lokacin shaida ya yi magana, sai na tambaye shi ko kwamfutar tana iya nuna abin da ke cikin faifai ba tare da an ɓare shi ba. Ya ce tana iyawa, sunayen abubuwan da ke ciki za su fito a gilashi. Na ce wa Inno, idan ta yarda da idona, zan karanta mata.

"Na yarda da idonka, Malam. Amma ni zan zaɓa. Mai kaya ba ya zaɓar wa mai dubawa."

"Zaɓi duk wanda kika ga dama," in ji Maharazu, ya baje su a tabarma yana murmushi. "Ga na ɗaya nan."

"Riƙe na ɗayanka. Malam, wanne ne na tara?"

Na nuna mata. Ta tura shi gabansa da bakin wuƙa. Ya zura, ya danna, ya harɗe hannu. Kwamfutar ta yi ɗan gurnani, ta fitar da layi guda. Na gyara tabarau, na karanta sau biyu kafin na fassara.

"Ta ce ba ta sami komai ba."

"Ba daidai na zura ba," in ji Maharazu. Ya zare, ya hura, ya mayar. Layin nan dai ya sake fitowa.

"Me ta ce yanzu?"

"Abin da ta faɗa ɗazu, Inno."

"To ita ba ta canza magana. Ba ta biyo mai ita ba."

Maharazu ya daina murmushi. Ya zura na bakwai, sunaye suka cika gilashi. Ya zura na goma, haka. Ya zura na takwas, ya daɗe yana kallo, sannan ya dafe kai da hannu biyu. Da na matsa masa, ya yi bayani da ƙaramar murya. Lokacin da kwamfutar ta nemi na tara, ya rubuta lambar a kansa, amma maimakon ya zura shi sai ya ɗora shi a kan waɗanda aka gama, ya danna alhali na takwas yana ciki. Kwamfutar kuwa ta goge abin da ke kan na takwas ta zuba na tara a gurbinsa. Saboda haka na tara fanko ne, abin da ya kamata ya zauna a na takwas kuma babu shi ko'ina. Kwafin da ya rasa yanki guda ba ya mayar da komai. Wajibi ne in rubuta cewa ina zaune a wurin, da agogo a hannuna, ban lura ba.

"Da na karɓa fa?" in ji Inno.

Ya yi ta jujjuya faifai na tara a hannunsa.

"Da na sa a ƙasan kwalla, na yi ta gadinsa, ina hana kaina ajiye rediyo a ɗakina. Ran da akwatinka ya haukace ka zo da gudu, ka tarar da me?"

"Da na shiga uku."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Na ce da na shiga uku! Da sai Legas. Da shugabana ya karɓe ta ya ba wani."

"Sai ka sake. Ga tabarma, ga shaida."

Ya nuna mata wata 'yar fitila ja da ta fara ƙyaftawa a gefen gilashin. Batir ya kusa ƙarewa, aikin kuwa tun daga na ɗaya za a faro, fiye da awa guda. Unguwarmu ba wutar lantarki. Dole ya koma Kura.

"To hau babur ɗin, mu tafi tare, tunda sai a gabanki," in ji shi.

"In hau bayanka? Mutumin da ke barin takalmi a hanya, ni a wace kwana za ka bar ni? Je ka yi abinka, ka kulle ƙofa, kada ka bi ta Kadawa. In ka dawo zan sake zaɓa."

Sai a lokacin dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna dirshan a ƙasa.

"Na sallama, tsohuwa. Wallahi na sallama. Na fasa cin gumbar, ki ƙara shekara ashirin."

"Talatin. Ungo." Ta jawo kwano ta ɗebo masa ƙuli-ƙuli cike da hannu biyu. "Ka riƙa tauna wannan kana aikin. Bakin da ke tauna ba ya musu."

Ya dawo ana kiran la'asar, bayan ya cika batir ya sake kwafin a Kura. Wannan karon Inno uku ta zaɓa: na biyu, na takwas da na ƙarshe. Na karanta mata sunayen da suka fito ɗaya bayan ɗaya, ba ta fahimci ko guda ba, amma ba ta bar ni na tsallake ko guda ba. Da na gama ta naɗe fayafayan a cikin farin ƙyalle, ta sauke kwallaye huɗu, ta sa su a ƙasan ta biyar, ta ce in shaida. Na shaida. Maharazu ya ɗaure kwamfutarsa a baya kamar goyo, ya tafi.

Ina sa takalmi ne abin ya ci gaba da cin raina, sai na juya.

"Inno, ba ki san boko ba, ba ki taɓa ganin kwamfuta ba sai yau. Fayafayai goma sha biyu, kamarsu ɗaya. Me ya sa kika ce na tara?"

Ta mayar da wuƙarta ƙarƙashin tabarma.

"Ita kwamfutar ban san ta ba, Malam. Shi na sani. Tun yana yaye, in kunya ta kama shi, hannunsa mantawa yake da abin da yake yi. Ina ƙirgawa da yatsu, takwas sun shiga na kawo zancen yarinyar nan. To ni na yi ɓarnar, ai na san inda zan duba."